MARAƊI: KATSINAR DA KE ƘETAREN IYAKA



An nemi mu yi bayani a kan ɗaya daga cikin biranen maƙwabtanmu, mu kuwa muka zaɓi Maraɗi, babban birnin jihar Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar. Mutumin Riko ko Magama ko wani ƙauye na ƙasar Jibiya ba ya bukatar wannan lacca, domin can yake da ƙanwar uwa ko suruki ko abokin ciniki. Mu 'yan makaranta mu ke bukatarta. Akwai da yawa a cikinmu da za su ba da labarin birnin Landan tiryan-tiryan, amma in an tambaye su ko wane ne Ɗan Kasawa sai su yi zuru. Alhali kuwa tsakanin Katsina da Maraɗi kilomita 90 ne ko kusa da haka, tsakanin Maraɗi da Yamai kuwa ya haura kilomita 600. Watau Bamaraɗe ya fi kusa da Kano a kan babban birnin ƙasarsa.

Bari mu fara da gulbi, tun da yake ya girmi garin. Gulbin Maraɗi a ƙasar Katsina ya faro, inda ake kiransa Gada. Ya bi ta Jibiya ya shiga Nijar, ya wuce ta kusa da tafkin Madarunfa, ya ratsa gefen Maraɗi da Tsibiri, sa'an nan ya karkata yamma ya komo Nijeriya ta ƙasar Gobir, ya haɗu da Gulbin Rima. Ba ya gudu sai da damina. Da rani rairayi ne kawai, amma ruwa na nan kusa a ƙarƙashinsa, shi ya sa fadamarsa take ciyar da mutane da dabbobi a lokacin da tudu ya ƙeƙashe. A zamanin da wannan fadama kurmi ce mai duhu, wadda dawaki ba su iya kutsawa da sauƙi. Wannan kurmi shi ya sa aka yi Maraɗin da muka sani.

Ga yadda abin ya faru. A 1807 mutanen Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo suka ci birnin Katsina, Ummarun Dallaje ya zama sarki. Sarkin Haɓe, Magajin Haladu, ya ƙare a Ɗankama, inda ake ba da labarin cewa rijiya ya faɗa. Waɗanda suka tsira suka naɗa Ɗan Kasawa, suka yi zaman gudun hijira a ƙasar Damagaram, kana wajen 1819 suka sauka Maraɗi, wadda a lokacin wani yanki ce na arewacin ƙasar Katsina. Sunan garin ma sarautar Katsina ce, har yau kuwa akwai Maraɗin Katsina, hakimin Kurfi. Ɗan Kasawa bai kira kansa Sarkin Maraɗi ba. Sarkin Katsina ya kira kansa, haka kuma magadansa suke amsawa har yanzu. Manyan fadarsa su ne Ƙaura da Galadima da 'Yanɗaka da Durɓi, kamar dai yadda yake a birnin da suka baro. Sun ɗauko Katsina ne ɗungurungum suka dasa ta a bakin gulbi, da niyyar wata rana su koma gida.

Wannan niyya ta ci rayuka masu yawa. A 1836 Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya karya rundunar Gobirawa da Katsinawan Maraɗi da Abzinawa a Gawakuke, Sarkin Katsina Rauda ya faɗi a wurin. Bayan wannan ne Gobirawa suka kafa Tsibiri dab da Maraɗi, garuruwan biyu suka zama kamar ɗan jumma da ɗan jummai wajen yaƙi da Sakkwato. Ɗan Baskore, wanda ya yi sarauta fiye da shekara 20, ya sha kai hari har kusa da ganuwar Katsina. Ƙasar da ke tsakani, watau su Jibiya da Ruma, ita ta sha wuyar wannan zamani: yau a kwashe mata shanu daga arewa, gobe a biyo sawu daga kudu. Mai son cikakken labari ya nemi littafin da Dokta Yusufu Bala Usman ya rubuta a kan tarihin Katsina, wanda aka buga a Zariya a 1981.

Abin da muke so a lura da shi a nan shi ne, ba Turawa suka fara raba Katsina da Maraɗi ba, kamar yadda mukan faɗa cikin zafin siyasa. Sun tarar da ɓaraka ne suka ja layi a kanta. Faransawa suna neman hanya mai rijiyoyi daga Kwara zuwa Damagaram, yarjejeniyar 1898 kuwa ta bar su cikin hamada. Sai aka sake zama a 1904 da 1906, Ingila ta ja da baya, Maraɗi da Tsibiri suka faɗa hannun Faransa. Tsakanin 1906 da 1908 Kyaftin Tilho da Manjo O'Shee suka bi daji suna kafa alamun iyaka. Bambancin shi ne, tsohuwar gaba tana iya mutuwa, ta kuwa mutu, har ana auratayya. Layin Turawa shi ne ya ƙi mutuwa. Shi ya sa ɗan wa yake zuwa makaranta, ɗan ƙane yake zuwa lakwal. Wannan ya ji tsoron kwastan, wancan ya ji tsoron duwan. Wannan ya ƙirga naira, wancan ya ƙirga dala da jaka.

Garin da baƙo zai gani yau ba shi ne na Ɗan Kasawa ba. Tsohon gari a cikin kwari yake, sai a 1945 gulbi ya yi ambaliya ya rushe shi. Faransawa suka mai da mutane kan tudu, suka yanka tituna miƙaƙƙu masu faɗi. Unguwanni suka hau tudu da sunayensu, su Bagalam da Mokoyo da Limanci da Ɗan Gulbi da 'Yanɗaka, daga baya aka sami sababbi kamar Sabon Gari da Zariya. A ƙidayar 2012 an sami mutum fiye da 267,000 a birnin, jihar kuma tana da sama da miliyan 3. Akwai jami'ar gwamnati da aka kafa a 2010, wadda ke ɗauke da sunan Ɗan Dikko Ɗan Kulodo.

Amma in an ce Maraɗi a Nijar, ciniki ake nufi. Gyaɗa ce ta fara ɗaga garin, bayan da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kamfanonin Turawa suka riƙa saye ta hannun 'yan ƙasa. Farin 1973 da 1974 da cutar da ta biyo baya suka kashe noman gyaɗa, sai dai kafin nan waɗannan 'yan ƙasa sun yi ƙarfi, sun zama Alhazan Maraɗi, waɗanda wani Bafaranshe, Emmanuel Grégoire, ya rubuta littafi sukutum a kansu a 1986. Yawancinsu ba su yi boko ba. Jarinsu amana ce da sanin mutane a Katsina da Kano, da kuma iyakar nan kanta. Duk abin da gwamnatin Nijeriya ta hana shigowa da shi, ko taba ko atamfa ko shinkafa, sai ya sauka Kwatano, ya hau mota zuwa Maraɗi, ya kwana a sito, ya tsallako da dare. Man fetur mai rahusa ya bi ta wancan gefe shekara da shekaru. A bisa hanyar halal kuma, shanu da raguna da wake suna gangarowa kudu, gero da masara suna bin duk inda farashi ya fi. Kada mu manta da jar akuyar Maraɗi, 'yar'uwar ta Sakkwato, wadda fatarta ta yi suna a Turai tun zamanin fatake.

Wannan arziki bai game kowa ba. A 2005 jihar Maraɗi, wadda ake kira rumbun Nijar, ita ce inda aka fi samun yara masu tamowa, ga kuwa hatsi a kasuwa, kuɗin saye ne babu. Mu da za mu zama ma'aikatan gwamnati ya kamata mu tsaya a kan wannan, domin cikar kasuwa ba ta nuna abin da ke cikin tukunyar talaka.

Yanzu mu zo kan abin da ya shafe mu kai tsaye. A watan Agusta na 2019 Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, ƙofar Jibiya kuwa ba a buɗe ta ba sai Afrilun 2022. Ba a daɗe ba sojoji suka yi juyin mulki a Yamai ran 26 ga Yuli, 2023, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma ta sa takunkumi, aka sake rufewa har Maris na 2024, aka kuma yanke wutar lantarkin da ke zuwa daga Nijeriya. Waɗanda suka yanke shawarar suna Abuja. Waɗanda suka ji a jikinsu su ne direba da ɗan dako da mai sayar da abinci a tashar Magama da Ɗan Isa, manyan 'yan fasa-ƙwauri kuwa ba a taɓa jin sun rasa hanya ba. A cikin waɗannan shekaru dai, tun daga 2019, dubban mutanenmu na Sakkwato da Zamfara da Katsina suka guje wa 'yan bindiga suka fake a ƙauyukan jihar Maraɗi, aka karɓe su.

Sai batun ruwa, wanda ba a cika magana a kansa ba. A farkon shekarun 1990 aka gama madatsar ruwa ta Jibiya a kan Gada. Tun daga nan, yawan ruwan da zai isa fadamun Maraɗi da lokacin isarsa ya danganta ƙwarai da abin da aka saki daga wajenmu. Ƙasashen biyu sun sa hannu a kan yarjejeniyar raba ruwa a Maiduguri a 1990, wannan gulbi yana cikin guda 4 da ta ambata, akwai kuma hukumar haɗin gwiwa da aka kafa tun 1971. Ɗalibanmu na aikin gona da na shari'a nawa ne suka taɓa karanta wannan yarjejeniya?

A Fabrairun 2021 aka ƙaddamar da aikin hanyar jirgin ƙasa mai tsawon kilomita 284, daga Kano ta Ɗambatta da Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya zuwa Maraɗi. Wasu a kudu sun yi ƙorafin cewa an ci bashi don a yi wa wata ƙasa aiki. Mu a ganinmu hanyar tsohuwa ce, jakuna da raƙuma sun riga jirgi bin ta. Tambayar da ta fi damunmu ita ce ta takardu: Nijar ta fita daga ƙungiyar Afirka ta Yamma a Janairun 2025, saboda haka dole ƙasashen biyu su zauna su tsara yadda mutum da kayansa za su wuce Ɗan Isa, in ba haka ba jirgin zai iso iyaka ya tsaya kamar yadda manyan motoci suka yi layi a 2023.

Shugaban taro, a nan za mu dakata domin a sami lokacin tambayoyi.