Maniyyaci da Na'urar Numfashi

A Gusau da Tsafe da Bunguɗu akwai dattijan da minsharinsu ke yankewa tsakar dare, numfashi ya ɗauke daƙiƙa 10 ko fiye, su zabura suna haki, gari ya waye suna gyangyaɗi. Likitoci na ba irinsu na'urar CPAP, mai hura iska ta abin rufe hanci don kada maƙogwaro ya toshe.

To, Alhaji, idan ka biya kujerar Makka, kada ka cusa na'urar cikin babbar jakar da za a jefa ƙarƙashin jirgi. Riƙe ta a hannu, ka zubar da ruwan tankinta, takardar likita tana aljihu. Batirin litiyam na ajiya ma a hannu ake shiga da shi, kuma wanda ya wuce wat-awa 100 sai da izinin kamfanin jirgi, iyakarsa 160. In za ka kunna ta a sama, sanar da kamfanin tun kwana biyu kafin tashi.

Ina roƙon malaman bita da hukumar alhazan Zamfara su riƙa tambayar maniyyata ko suna amfani da wannan na'ura, domin dattijanmu na jin kunyar ambaton minshari, ga kwanakin Mina a gaba.