Allon da Ba Mu Kafa Ba

Shugaban wannan reshe na Ƙungiyar Malamai ta Ƙasa, iyayenmu shugabannin makarantu, 'yan'uwa malamai maza da mata.

Duk mai bin hanyoyinmu, daga Hunkuyi zuwa Makarfi har Ikara, ya san alluna iri biyu ne ke tarbarsa a bakin titi. Akwai allon kwangila, mai ɗauke da sunan kamfani da na ma'aikatar da ta ba da aiki. Akwai kuma dutsen buɗe aiki, mai ɗauke da sunan babban mutumin da ya yanke ƙyalle. Ban raina ko ɗaya ba. Amma su ne kaɗai tarihin da yaranmu ke karantawa a hanyar makaranta, kuma na ga abin da hakan ya haifar.

A zangon da ya wuce na tambayi 'yan aji shida wa ya shimfiɗa dogon da ya ratsa Likoro da Gimi. Wani yaro mai ƙoƙari ya ɗaga hannu ya ce gwamna. Aji ya ɗauki dariya, ni ma na dara, daga baya jikina ya yi sanyi. Yaron bai yi wauta ba, domin duk allon da ya taɓa gani haka ya koya masa. Alhali dogon nan ya isa Kano tun 1911, shekaru kusan hamsin kafin samun 'yancin kai, kuma talakawan ƙasar Zazzau suna cikin waɗanda suka haƙa ƙasa suka ɗauki kaya a kai, da yawansu bisa aikin tilas. Ta kansa gyaɗa da audugar kakanninmu suka bi zuwa teku. Layi huɗu a jikin bangon tasha sun isa su faɗi wannan, amma ba a rubuta su ba.

Wasu garuruwan sun riga mu. Wanda ya je Daura zai tarar an killace rijiyar Kusugu, baƙo na zuwa yana jin labarinta. A Landan tun 1866 suke manna ƙananan alluna a gidajen da fitattun mutane suka zauna. Mu a nan, ko ranar haihuwar ƙananan hukumominmu, Ikara a 1976, Makarfi a 1991, Kudan a 1996, sai ka sha wuya kafin ka sami ɗalibin da zai kawo ta.

Shekarar 1976 ɗin nan ita ta fi tsaya mini a rai, domin a cikinta aka ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta. Hedimastocin lokacin sun bi gida gida tare da masu unguwa, suna roƙon iyaye su ba da 'ya'ya, wasu suka fara aji a gindin bishiya ko a zauren dagaci. Ni ɗan wanda aka roƙa ne. Waɗannan bayin Allah yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya, waɗanda suka rage kuma tsufa ya cim musu. Ranar da na ƙarshensu ya kwanta dama, ba sauran wanda za mu tambaya ina aka kafa ajin farko, wa ya ba da filin, wace yarinya ce ta fara shiga rajista.

Saboda haka shawarata ga wannan reshe ita ce mu fara daga ƙofar makarantunmu, inda ba mai hana mu. Kowace makaranta ta binciko shekarar kafuwarta da sunan hedimastanta na farko daga tsohon littafin tarihin makaranta, in gara ba ta cinye shi ba, sannan a tabbatar daga bakin dattawa aƙalla uku da ba gida ɗaya suka fito ba. A rubuta da Hausa, boko da ajami, don kakar yaro ma ta karanta. A yi shi da siminti. Mun san abin da masu jari-bola ke yi wa ƙarfe.

Sai gargaɗi ɗaya, kuma da gaske nake. Allo na iya tada husumar da ta yi shekara ɗari tana barci. Da zarar ka rubuta cewa wane ne ya sari gari, gida biyu za su tashi, kowa da kakansa. Irin wannan a bar wa hakimi da majalisarsa, mu tsaya kan abin da takarda da shaidu suka haɗu a kai. Haka nan kada mu karɓi buhun siminti daga hannun wanda zai ce a sa sunansa a ƙasa.

Ina roƙon shugaba ya sa wannan batu cikin ajandar zama na gaba, kowane hedimasta kuma ya zo da tsohon littafin makarantarsa, ko da bangonsa kawai ya rage.