Yakubu Gowon: Ɗan Mai Bishara A Kakin Soja



Iyaye daga Kiru da Doguwa suna ta tambaya ko ya dace yaron Kirista ya shiga soja. Bari in amsa da tarihin mutum guda.

An haifi Yakubu Gowon a 1934. Ɗan ƙabilar Angas ne, amma a Wusasa ya tashi, nan Zariya kusa da mu, inda mahaifinsa ke aikin bishara. Ya shiga soja a 1954, ya yi horo a Sandas ta Ingila, ya je aikin kiyaye zaman lafiya a Kwango. A watan Agusta 1966 mulkin ƙasa ya faɗo hannunsa yana da shekara 31, ko aure bai yi ba. Shi ya ƙirƙiro jihohi 12 a 1967, har da Jihar Kano, kuma a zamaninsa Audu Bako ya gina madatsar Tiga da muke noman rani da ruwanta.

Yaƙin Biyafara ya ci wata 30, daga Yuli 1967 zuwa Janairu 1970. Ba zan wanke shi tas ba. An toshe hanyoyin abinci, yunwa ta kashe yara masu ɗimbin yawa, akasarinsu 'ya'yan Kirista irinmu. An kuma kashe farar hula a Asaba. Alhakin wannan ba ya tsallake wuyan shugaba, ko da yana zuwa sujada kowace Lahadi.

Amma ku dubi ranar da Biyafara ta miƙa wuya. Bindiga na hannunsa, babu mai hana shi ramuwa. Sai ya rungumi Philip Effiong a Legas, ya ce babu wanda ya ci nasara, babu wanda aka ci. Ba a harbe shugabannin tawaye ba. Mu da muka san zafin ƙona majami'a mun san nauyin wannan.

An hamɓarar da shi a Yuli 1975 yana taro a Kampala. Ya koma ɗalibi a jami'ar Warwick, daga baya ya kafa ƙungiyar addu'a ta Nigeria Prays.

Saboda haka, iyaye, ni ba zan hana yaro ba. Karniliyus na Ayyukan Manzanni sura 10 soja ne, Bitrus kuwa bai ce ya tuɓe kaki ba. Sai dai duk yaron da ya cike fom, ku kawo shi gaban dattawa tukuna, mu tambaye shi abin da zai yi idan aka umarce shi ya harbi wanda ya ɗaga hannu.