Dashen Kabeji da Latas a Lambun Gida

Maganarmu ta yau a kan dashen kayan lambu masu son sanyi take, wato kabeji da latas da albasa.

Sau da yawa irin da muke saye a kasuwa daga Turai yake zuwa, kuma a bayan takardarsa akan rubuta cewa a yi dashe wajen watan Maris ko Afrilu. Wannan shawara domin mutanen can aka yi ta, gama a lokacin ne sanyinsu yake sassautawa. A nan kuwa lokacin bazara ne, zafi ya kai matuƙa. Wanda ya dasa kabeji a watan Maris a Kano ko Sakkwato ya yi asarar irinsa da ruwansa: kabejin ba zai dunƙule ba, latas kuma sai ya miƙe ya fid da fure, ganyensa ya yi ɗaci. Namu lokacin shi ne hunturu. A yafa iri a watan Oktoba, a yi dashe cikin Nuwamba, domin kabeji yakan ɗauki wata biyu da rabi zuwa uku bayan dashe, ka ga ke nan an cire shi kafin zafi ya kawo jiki. Mutanen Jos da Mambila, da yake ƙasarsu tudu ce mai sanyi, sun fi mu sakewa wajen zaɓen lokaci.

To, yaushe shuka ta isa dashe? Idan kabeji ya yi mako 4 zuwa 6 a wurin reno, ya fid da ganye huɗu ko biyar, ya isa. Albasa takan kai mako 6 zuwa 8. Saura mako guda a rage ban ruwa, a ɗauke rumfar da ke kansa kaɗan-kaɗan don ya saba da rana. Wannan shi ne abin da masu gaggawa suka fi tsallakewa, sa'an nan su ce irin ne ba shi da kyau.

Ranar dashe a jiƙa wurin reno sosai, a tono kowace shuka da ƙasarta, kada a fizge ta saiwa ta tsinke. A yi aikin da yamma, bayan la'asar, don ta kwana cikin sanyi ta farfaɗo. A bar kamu guda, wato kamar santimita 45, tsakanin kabeji da ɗan'uwansa. Latas kuwa santimita 25 zuwa 30 sun ishe shi. A danna ƙasa a gindi, a ba da ruwa nan take. Ruɓaɓɓen taki kaɗai za a zuba a fangali, ɗanyen kashin kaji ƙona saiwa yake yi.

Karas ba a dasa shi. A yafa shi inda zai zauna, in ya tsiro a rage.