Kada a yi wa manaja hukunci da zaɓe guda



A gasar NFL ta ƙwallon zari-ruga irin ta Amurka, ƙungiyoyi kan zaɓi sabbin 'yan wasa daga jami'o'i kowace shekara, kuma wadda ta fi shan kashi a kakar baya ce ke fara zaɓe. A nan ake auna basirar babban manaja.

A 2020, Howie Roseman, babban manajan Philadelphia Eagles, ya ɗauki Jalen Reagor a lamba ta 21, ya bar Justin Jefferson, wanda Minnesota ta cafke nan take, ya kuma zama tauraro. A zagaye na biyu ya ɗauki Jalen Hurts alhali ƙungiyar tana da Carson Wentz da ke buga matsayi ɗaya da shi. Magoya baya suka yi masa ca.

A Fabrairun 2025, Hurts ya jagoranci Eagles suka lallasa Kansas City da ci 40 da 22 a wasan ƙarshe na Super Bowl, ya zama gwarzon wasan. Cooper DeJean, wanda Roseman ya zaɓa a 2024, ya cafe jifar Mahomes na Kansas City, ya sheƙa ya ci maki.

Ra'ayina shi ne, a jira shekara uku ko huɗu, a tattara zaɓukan manaja duka, sannan a yanke masa hukunci.