Kwana Uku Na Baƙo: Jawabin Akawun Ƙungiya

 

Ni akawu ne, abin da ke zuwa teburina zan faɗa. Dokar Sudan ta ce baƙo ya yi rajista a ofishin baƙi na 'yan sanda cikin kwana uku da shigowarsa. Biza daban, rajista daban. Ana zuwa da fasfo da kwafinsa, da hoto, da takardar mai masauki mai nuna inda za a same ka.

Ga inda muke tuntuɓe. Yaro ya taso daga Kano ko Maraɗi, ya sauka Omdurman, ya ji Hausa ko'ina a Kasuwar Libiya, sai ya ɗauka gida ya zo. To, yawancin waɗannan 'yan ƙasa ne, wasunsu tun bayan yaƙin Burmi na 1903 kakanninsu suka kafa Mai Wurno. Kai kuwa baƙo ne. Bara wani ɗanmu ya yi wata biyu ba rajista, sai ranar tafiya aka tsare shi, tara ta cinye ribarsa, jirgi ya tashi ya bar shi. Tun yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 kuma, bincike a hanya ba wasa.

Iyayena masu masauki, laifin har da namu. Otal kan yi wa baƙinsa, mu sai mu ce ya huta tukuna. Juma'a da Asabar ba aiki, wanda ya sauka daren Alhamis ku tura mini shi Lahadi da sassafe, in raka shi.