Maganaɗisu Da Zaman Ƙwayoyin Zarra: Jawabin Wani Tsohon Ɗalibi A Taron Gwaram



Da aka ce in yi magana a kan aikina yau a nan Gwaram, sai na tuna ranar da malaminmu na kimiyya ya ɗora takarda a kan maganaɗisu, ya barbaɗa garin ƙarfe, muka ga ya jeru layi-layi. Tun daga ranar tambaya ɗaya ke bi na: me ke sa abu ya zama maganaɗisu, me kuma ke raba shi da wannan ƙarfi?

Amsar tana cikin ƙwayoyin zarra. Kowace ƙwayar ƙarfe tamkar 'yar allurar kamfas ce. In alluran suka fuskanci waje ɗaya, ƙarfinsu ya haɗu. In rabinsu suka juya baya, sun kashe juna.

Abin da nake nazari a kai shi ne ferobiskayit mai tagwaye. Sunan ya samo asali ne daga wani ma'adini da Gustav Rose ya gano a 1839 daga duwatsun Ural na Rasha, aka sa masa sunan Lev Perovski. Ana ce masa mai tagwaye domin ƙarafa iri biyu ne suke raba mazauni a cikinsa. Wanda ya fi suna shi ne Sr2FeMoO6, wato haɗin sitirontiyam da baƙin ƙarfe da molibdinam da oksijin. Ku ɗauka manomi ne yake shuka gero, wake, gero, wake. Haka baƙin ƙarfe da molibdinam suke jeruwa, gaba da baya, hagu da dama, har sama da ƙasa, da ƙwayar oksijin a tsakaninsu.

In jerin ya cika, alluran baƙin ƙarfe duka suna duban waje ɗaya da ƙarfi 5, na molibdinam suna duban baya da ƙarfi 1, saura 4 ke nan. A 1998 Kobayashi da Tokura da abokan aikinsu a Japan suka nuna a mujallar Nature cewa lantarki ya fi saurin ratsa wannan haɗi in aka kusanto masa da maganaɗisu, ba sai an sanyaya shi ba. Yana kuma riƙe ƙarfinsa har zafi ya kai wajen digiri 140. Irin wannan hali ake nema wajen karanta bayanan da ke ajiye a kwamfuta. Makamancinsa ne Fert da Grünberg suka gano a 1988, aka ba su lambar Nobel a 2007.

To, ga inda gizo ke saƙar. A lokacin gashi wasu ƙwayoyin sukan yi musayar mazauni, sai baƙin ƙarfe ya tarar da ɗan'uwansa a maƙwabci. Ba a sarki biyu zamani ɗaya: nan take alluransu suke juya wa juna baya. In ƙwaya 10 cikin 100 suka saɓa mazauni, ƙarfin ya sauko daga 4 zuwa 3.2. In rabi suka saɓa, a lissafi ba abin da ya rage. Abin mamaki, in ka auna kayan haɗin za ka tarar ko ƙwaya ɗaya ba ta ɓata ba. Tsarin zama kawai ya lalace.

Maganin shi ne haƙuri. Ana gasa haɗin a zafin da ya kai wajen digiri 1,200 na sa'o'i da yawa, cikin iska mai ɗan haidirojin, domin kowace ƙwaya ta lallaɓa ta koma gurbinta. Ni kaina na taɓa yin mako guda ina shiri, aka ɗauke wuta ana tsakiyar gashi. Da na auna, maganaɗisun ya fito ragwaf, dole na sake daga farko.

Malamanmu, ashe ba banza kuke raba mu da abokan surutu a aji ba. 'Yan'uwa kuma, roƙona ɗaya ne: mu saya wa ƙannenmu maganaɗisu da kamfas da garin ƙarfe. Kuɗinsu bai taka kara ya karya ba, amma da su tambayata ta fara.